Zarton da Ya Tsayar da Faretin Ma'aikata

Jiya na ji ku a bakin shago kuna yi wa tsohon zarton nan da ke rataye a bango dariya. Ɗayanku har ya ce wai yankan katako da hannu ba sana'a ba ce, ka ja in ja ne kawai, ko jaki aka ɗaura wa zai iya. Ban tanka ba, don injin yankan katako yana ta ihu. Yau kuwa hutun Ranar Ma'aikata ne, an kashe shi, to ku gyara zama. Zarton nan da kuka raina ya taɓa tsayar da faretin ma'aikatan garin nan kaf, da malaman makaranta da na asibiti da direbobi, suna tsaye a rana suna jiran ya gama abin da yake yi.

Gungumen farko da na sa wa zarto na itacen kawo ne, a dajin da ke bayan Kusasu, wurin maigidana Baba Jatau. Mutumin Gbagyi ne, gajere, ba ya magana sai ka yi kuskure, don haka ni kullum muna cikin hira da shi. Ana haƙa rami da ya fi tsayin mutum, a gicciya itatuwa biyu a bakinsa, a mirgino gungumen a ɗora. Sai a jiƙa zare da ruwan gawayi, a miƙe shi daga kai zuwa gindi, a ɗaga tsakiyarsa a saki, ya bar baƙin layi. Mutum ɗaya ya hau kan gungumen, ɗaya ya shiga rami. Na sama shi ke ɗaga zarto yana bin layi da ido, yana ja da baya taku-taku. Na rami shi ke jawo shi ƙasa yana matsawa gaba, kuma a saukowar nan ne zarto ke ci, garin katako na zubo masa a ka. Shekara biyu na yi a rami. Garin maɗaci in ya shiga bakinka, ko zuma ka sha a ranar sai ka ji ta da ɗaci.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Akwai gizago na daidaita fuskar gungume. Akwai magagari na wasa haƙoran zarto, ɗaya bayan ɗaya, kana karkata wannan dama wancan hagu don ya buɗe wa kansa hanya. Sai weji, ɗan guntun itace mai tsini da ake bugawa a tsagar da aka riga aka yi. Shi ne ƙarami a cikinsu, kuma shi ne wanda ba a mantawa, domin ɗanyen itace kana tsaga shi yana haɗe bakinsa a bayanka. Ka tsaya kaɗan, ya cije zarton.

Wannan na koye shi ne a kan wani gungumen itacen maje. Mun kai rabin layi sai ƙishirwa ta kama ni, na saki zarto na tafi wurin gora. Kafin in dawo itacen ya riƙe shi gam. Na fizga da ƙarfin ƙuruciya, zarton ya lanƙwashe. Baba Jatau bai doke ni ba. Ya ɗora min shi a ka, na tafi da shi a ƙasa har wurin maƙeri a cikin gari, na dawo a ƙasa, yana yi min lilo a ka, duk wanda na gamu da shi sai ya tambaye ni me ya faru. Da na dawo ya ce, "Audu, layi in an fara shi sai an kai ƙarshe. Mai jin ƙishirwa ya sha tun bai hau ba." Tun daga ranar, ko kunama ce ta harbe ni sai na gama layina kafin in yi kuka.

Da na hau sama na zama mai zarton kaina, abokin ramina shi ne Bulus. Iyayensa daga kudancin Kaduna suka zo noma Gayam, shi kuma ya ga gona ba ta da inuwa ya zaɓi rami. Ya ce sama ta masu son a kalle su ce. Dogo ne, yana aiki yana rera waƙoƙin cocinsu a hankali, kuma da su muke auna ja, har na haddace wasu ban sani ba. Ranar Juma'a ni ba na zuwa, ranar Lahadi shi ba ya zuwa, don haka zartonmu ya fi na kowa hutu a dajin nan. Mun fi shekara ashirin tare. Ba ma cewa ja ko saki. In ya gaji ina ji a hannuna tun bai sani ba.

Wani kafinta daga Kuyello ya taɓa sa mu yi masa falankin maɗaci na ƙofar masallaci. Ya zo ɗauka, ya ɗaga kowanne ya kanne ido ɗaya yana leƙen tsawonsa kamar mai harbin tsuntsu. Neman aibi yake don ya rage farashi. Ya leƙa goma sha biyu bai samu ba, sai ya ce ai santsin ya yi yawa, bai bar masa aikin yi ba. Irin waɗannan su suka riƙe mu bayan injin ya shigo ya kwashe masu gaggawa. Injin yana da sauri, ban musa ba, amma a kowane layi yana cinye kaurin yatsa ya mai da shi gari. Namu abin da yake ci bai fi bayan wuƙa ba.

Sai muguwar shekara ta zo, daji ya rufe. Kun san zancen, ba sai na maimaita muku ba. 'Yan bindiga suka zauna a inda muke aiki, ko itacen girki mata ba sa wuce bakin gonaki. Ramukanmu suka cika da ciyawa. Damina biyu zarton yana rataye, ina shafa masa mai kamar jariri. Ni na koma dako a tasha da furfurata, Bulus yana sassaƙa kujerun tsuguno da rassan mangwaro. Wata ranar kasuwa ya same ni a tasha ya ce, "Malam Audu, in ruwa ya zauna ban ga aiki ba, zan kwashi iyali mu koma gida." Na ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Zarton mutum biyu ne. In Bulus ya tafi, a shekaruna ina zan sami wanda ya san numfashina? Sana'ar ta ƙare ke nan, sai dai in mutu ɗan dako.

Itace ɗaya ya rage da mutum zai taɓa ya kwana a gida, shi ne shukar malaina ta gwamnati da ke bakin gari, wadda ta yi cunkoso tana son a rage. Na je wurin malamin daji. Ya ce ba ya ba mutum ɗaya izini, sai ƙungiyar da aka sani. Na tattara tsofaffin masu zarto, muka tashi mu goma sha biyu, shida na sama shida na rami, muka je wurin sakataren ƙungiyar ma'aikata, wani siririn mutum mai biro uku a aljihu. A shekarar hanyar Kaduna ba ta biyuwa, don haka ma'aikata suka shirya yin bikinsu a gida, a filin firamare.

Ya dube mu ɗaya-ɗaya ya ce, "Ku fito fareti ranar ɗaya ga Mayu, a gan ku cikin tsari. In kun wuce ba abin kunya, in rubuta muku takardar shaida ku kai wa malamin daji. In kun ɓata min shiri, ban san ku ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, tafiya ce fa kawai. Mu da muke zuwa Kusasu a ƙasa."

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, don haka muka ɗauko Kofur Ɗanladi, tsohon soja mai gadin asibiti, ya koya mana maci. Ya jera mu biyu-biyu, kowa da abokin zartonsa, nan ya yi kuskuren farko. Ya daka tsawa ya ce gaba, sai mutanen rami suka taka gaba, mu na sama shida muka ja da baya. Ya ce a sake. Muka sake, muka kuma. Da ƙyar ya samu muka fuskanci waje ɗaya, sai ga wata matsalar. In na ɗaga hannu Bulus sai ya sauke nasa, in na sauke ya ɗaga, haka kowa da abokinsa. Sabo turken wawa. Kofur ya cire hula ya zauna a kan dutse ya ce ya koya wa mutanen da ba su san hagu da dama ba, amma bai taɓa ganin waɗanda suka rantse ba za su yi abu ɗaya a lokaci ɗaya ba. Mata masu dawowa daga rijiya suka ajiye bokitai suna kallo, ɗaya ta yi dariya har ta zubar da ruwanta.

A kwana na huɗu Bulus ya ce, "Kofur, mu fa ba mu iya tafiyar soja ba. A bar mu mu nuna abin da muka iya." Shawararsa ita ce a ari tarakta mai tirela, a kafa turaku huɗu a kanta da suka fi tsayin mutum, a ɗora gungume a sama. Ni in hau, shi ya tsaya a ƙasa kamar yana rami, sauran su bi mu a baya ko da tafiyar agwagwa ce, tunda kallo ya koma sama. Sakatare ya yarda da sharaɗi. In mun zo gaban rumfar manyan baƙi tarakta ta tsaya, mu ja zarto sau uku, mu cire shi, mu wuce. Ya ɗaga yatsu uku ya nuna min, ya nuna wa Bulus.

Iskar ruwan farko ta kayar da wata malaina a bakin titi, malamin daji ya ce mu ɗauka. Ɗanya ce sharaf, tana ta ruwa. Muka yanke ƙafa takwas, muka gyara fuskokinta huɗu da gizago, na buga layi. Kwana biyu na yi ina wasa zarton da magagari. Da safen bikin ina haɗa kaya na ɗauki jakar weji, sai na ce ja uku me zai yi da weji, na mayar na rataye. Da Baba Jatau yana da rai da ya sami abin magana.

Filin ya cika maƙil. 'Yan badujala suna bugawa, mahauta suka wuce suna wasa wuƙaƙe, teloli suka turo keken ɗinki a amalanke, wani yana ta taka shi ba zare. Sai mu. A bayanmu malaman makaranta ne cikin anko, sai ma'aikatan asibiti da fararen kaya, sai direbobi, sai 'yan acaɓa da ba a ganin ƙarshensu. Ni ina can sama, na kusa kai rufin rumfa, ina kallon tsakiyar hular babban baƙo. Rabona da jin daɗi irin wannan na manta. Har hannu na ɗaga wa matata Hauwa, abin da ban taɓa yi a gaban mutane ba.

Tarakta ta tsaya. Babban baƙo ya miƙe ya ɗaga hannu. Na ɗora zarto a kan layi na ce bismillah. Na ɗaga, Bulus ya ja. Ƙarar nan da na shekara biyu ban ji ba ta tashi, ƙamshin ɗanyen itace ya bugi hancina. Biyu. Uku. Na sassauta hannu don mu cire, sai na ji an jawo zarton ƙasa.

Na leƙa na ce, "Bulus, uku fa aka ce."

Ya ɗago da gari a gira ya ce, "Ɗaya kawai, Malam Audu. Ka ji yadda yake ci kuwa?"

Na ji mana. Na ɗaga masa ɗaya, na ƙara masa ɗaya don kada in yi rowa. Gaskiyar magana ba laifin Bulus kaɗai ba ne. Ya kama waƙarsa, hannuna ya bi, na manta da rumfa da biro uku. Ban farga ba sai da na ji muryar sakatare a lasifika yana cewa, "Masu zarto, mun gode, a wuce." Na duba, mun ci fiye da kamu ɗaya, kuma malainar ta fara haɗe baki a bayan zarton.

Mai tarakta ya sa giya. Mutanenmu goma da ke baya, waɗanda Kofur ya kasa sa su yi abu ɗaya tare, a karon nan tare suka ruga suka tare gabanta. Sun san in tirela ta yi tsalle ɗaya da zarto a cikin itace, ya karye ke nan, kuma shi ne lafiyayyen da ya rage mana mu duka. Kofur yana ta hura usur har idonsa ya yi ja. Sakatare ya sauko da gudu ya tsaya a gindin tirela.

"Malam Audu, ka cire shi."

"Ba ya ciruwa, ranka ya daɗe. Baya ta rufe."

"To yaya za a yi?"

"Sai gaba."

"Gaba har ina?"

Na nuna masa ƙarshen gungumen da ƙafa. Ya dafe kai. Zarton kuwa ya fara nauyi, na yi kira a kawo weji, sai na tuna inda na rataye su. Wani tsohonmu bai yi shawara da kowa ba ya sauke allon da aka rubuta sunan ƙungiyarmu, ya zare sandarsa, ya ari wuƙar mahauci ya fere ta gida uku. Aka buga, tsaga ta buɗe, zarto ya numfasa. Da muka matsa gaba aka nemi na huɗu, sai ga Kofur ya miƙo sandarsa ta fareti yana kallon wani waje.

Daga nan ban san yadda abin ya juya ba. Mai babbar gangar badujala ya ga macin ya tsaya, sai ya koma bin mu, in Bulus ya ja ya buga. Malaman makaranta, da yake ƙidaya aikinsu ce, suka fara ƙirga ja da ƙarfi, fili ya ɗauka. 'Yan acaɓa suka sa oda a kan kiɗan. Ma'aikatan asibiti suka shimfiɗa gyale suka zauna, wata ungozoma tana cewa ita ta saba, abu in ya taho ba a ce masa ya koma. Babban baƙo ya gaji da ɗaga hannu ya zauna, ya ga kowa a tsaye ya sake miƙewa. Iska ta juya ta kwashi garin malaina ta yayyafa wa manyan riguna a rumfa. Ni dai ina ja da baya taku-taku, idona a kan layi, ina dariya ni kaɗai, ga gumi ga tsoro, don na san takarda tana ƙonewa a kowane ja.

Da muka kai ƙarshe falankin ya rabu ya kwanta, fili ya kaure da ihu kamar an ci ƙwallo. Na sauko. Sakatare ya jira hayaniya ta lafa, ya zo kusa ya ce a hankali, "Uku na ce. Takarda kuwa, ku manta da ita." Ya juya ya tafi tsara sauran faretin. Ban ga laifinsa ba, mu muka karya alkawari. Na dubi Bulus, ya sunkuyar da kai yana kakkaɓe gari daga wuyan riga. Duk daɗin nan ya zube min a take.

Aka ja tarakta gefen fili. Muna kwance turaku, sai ga malamin daji ya hau tirelar, da gari a kafaɗar kakinsa. Bai gaishe mu ba. Ya auna kaurin falankin da yatsu a kai, ya je gindi ya auna, ya dawo tsakiya. Ya tsuguna ya tara garin da ya zuba, bai cika masa tafi biyu ba. Ya daɗe yana kallonsa.

Na ce, "Malam, sakatare ya ce ba zai rubuta ba."

Ya ce, "Na ji. Ni abin da na ce, ƙungiyar da aka sani. Yanzu a garin nan akwai wanda bai san ku ba? In an tambaye ni shaida, in ce a tambayi duk wanda ya sha rana yau." Ya watsar da garin ya goge hannu. "Ku same ni a ofis gobe. Ku zo da wejinku."

Izini ya fito a makon. Amma Bulus bai ce ya fasa tafiya ba, ni kuma ban tambaya ba, don ina tsoron amsar. Muka haƙa sabon rami a bakin shukar, yana aikinsa yana waƙarsa, ina ta sauraron hannunsa ko zan gane, ban gane komai ba.

Ranar da aka yi ruwan shuka, da safe ina tsakar gida ina ɗaure fartanya, sai ga sallamar Saratu matar Bulus, da ƙwarya a hannu. Ta gaishe ni ta wuce wurin Hauwa, ina jin su.

"Maman Hadiza, irin masara na zo roƙo, ko kaɗan ne."

"Ina naku? Ai na ga kun rataye mai kyau bara."

"Mun niƙa mun ci tun watan jiya. Baban Yakubu ya ce ba za mu ga damina a nan ba, har tukwane na ɗaure. Yau kuma da asuba ya tashe ni wai ina iri, ƙasa ta jiƙa."

Hauwa ta tashi za ta ɗauko mudu. Na ce ta bari. Na shiga rumbu da kaina na sauko da irin da na ajiye, ban tsaya aunawa ba, na juye wa Saratu har ƙwaryar ta cika tana zuba, ta tare sauran da bakin zane.